Boilar kombi a gidan mutum tara: ruwan zafi ba ya ƙarewa, amma sai an bi layi

Duk wanda ya sayi gida a Ingila, ko boilarsa ta tsufa ya tashi canja ta, abin da za a fara tallata masa shi ne kombi. Ita ta cika gidaje yanzu, ita kuma masu haɗawa suka fi so, don sau da yawa a yini ɗaya sun gama sun karɓi kuɗinsu. Tun 2019 muke amfani da ita a gidanmu da ke Manchesta. 'Yan uwa masu iyali da yawa sun sha tambayata ko su ma su sa, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani kowa ya karanta. Inji ne mai kyau, ban da ƙorafi a kan ƙirarsa, amma ba don gida irin namu aka yi shi ba. Ba zan ambaci kamfanin da ya ƙera tamu ba, domin inda ta gaza ba laifin kamfani ba ne. Kowace kombi, ko wa ya yi ta, lissafi ɗaya ke kanta.

Gidan namu irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da ke manne da juna a jere, hawa uku idan aka haɗa da ɗakin da aka fitar a ƙarƙashin rufi. Banɗakin wanka biyu ne, ɗaya a hawa na tsakiya mai baho da shawa, ɗaya can sama mai shawa kaɗai, sai ƙaramin makewayi a ƙasa inda aka fi yin alwala. Mu kuma ni da Maigida, yara biyar, ɗan wan Maigida da ke karatu a jami'a, sai Hajiya surukata da takan zo daga Zariya ta yi mana watanni. Ban da baƙi, waɗanda a gidan Bahaushe ba a sa su a lissafi amma ba a rasa su.

Ga wanda bai san ta ba, kombi akwati ɗaya ce da ake kafewa a bangon kicin, tana aiki biyu: ɗumama ruwan da ke zagaya radiyetocin gida, wato ƙarafan da ke jikin bango masu ɗumama ɗakuna, da dafa ruwan famfo. Ba ta da tankin ajiya. Da ka buɗe famfon zafi, ruwan sanyi daga bututun titi zai bi ta cikinta, gas ya kama, ruwan ya fito da zafi nan take. Tsohon tsarin da muka tarar a gidan kuwa tanki biyu gare shi, na ruwan sanyi a cikin rufi da na jan ƙarfe a cikin kabad a hawa na tsakiya, wanda ake dafa ruwa a tara a ciki.

Tsakani da Allah, kombi ta yi mana abubuwan da zan yaba. A da, mutum uku na yin wanka tankin ya ƙare, na huɗu sai ya jira ya sake zafi. Yanzu ko mutum ashirin ne za su yi wanka ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe zai sami ruwa da zafinsa yadda na farko ya samu. Na ga amfanin wannan ranar wata ƙaramar Sallah da iyalin ƙanwata suka kwana a wurinmu. Sannan ba ruwanta da agogo. A ƙasar nan lokacin asuba yawo yake yi, a watan Yuni tun wajen ƙarfe uku na dare, a Disamba sai bayan shida. Mai tanki sai ya riƙa bin saitin agogon boila yana gyarawa, in ya manta ya tashi sahur ya tarar da ruwa sanyi ƙalau. Mu kowane lokaci muka buɗe akwai. Kabad ɗin da aka cire tankin daga ciki ya zama ma'ajiyar barguna da akwatuna, babu kuma sauran fargabar tankin rufi ya daskare ya fashe mana a ka.

Ta ɓangaren kuɗin gas ma ta taimaka. A 2022, lokacin da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo har gwamnati ta sa baki daga watan Oktoba, an yi ta ba mutane shawara su rage zafin ruwan radiyeta zuwa digiri 60 ko ƙasa da haka, don boilar zamani ta fi tsimin gas idan ruwan da ke komawa cikinta bai yi zafi sosai ba. A kombi wannan murɗa maɓalli ɗaya ne kawai, domin saitin radiyeta daban, na famfo daban. Mai tanki ba shi da wannan sauƙin, saboda ruwan da aka tara sai ya kai digiri 60 don kada ƙwayar cuta ta hayayyafa a ciki.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ranar makaranta, tsakanin ƙarfe bakwai saura da takwas saura, gidanmu duka ruwan zafi yake so, kuma a lokaci guda. Babbar 'yata tana shawa a sama, ƙaninta ya shiga na tsakiya, ni ina kicin ina ɗauraye kofuna. Da na buɗe famfo sai in ji ihu daga saman bene: "Umma! Don Allah a rufe famfo!" Ruwan da ke zubo mata da ƙarfi ya koma tsiyaya, zafin ma ya yi ƙasa. Ko famfon sanyi aka buɗe, ko wani ya ja ruwan masai, ko injin wanki ya fara ɗiba, duk a jikin mai wanka yake ƙarewa, tunda bututu ɗaya ke ciyar da gidan gaba ɗaya. Kombi kamar mai ƙosai ce mai kasko ɗaya: muddin akwai ƙullu ƙosanta ba ya ƙarewa, amma abin da kaskon ya ɗauka shi za ta kwashe, in an yi mata yawa kowa ya sami biyu-biyu.

Wanda ya sayar mana da ita ya ce mai ƙarfin kilowat 35 ta ishi gida mai banɗaki biyu. Haka ma aka rubuta a takardar talla. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai banɗaki biyu suke nufi, ba wanka biyu a lokaci guda ba. Wani dattijon injiniya da ke zuwa yi mata sabis duk shekara ne ya zauna ya yi mana lissafin a bayan ambulan, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi. A ɗauki litar ruwan da ake so a minti ɗaya, a ninka da yawan digirin da ake so a ƙara masa, a ninka da 0.07, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ake bukata. Kamfanoni sukan rubuta ƙarfin ruwan kombi bisa ƙarin digiri 35. A kan haka mai kilowat 24 tana ba da kusan lita 10 a minti, mai 30 kusan 12, tamu mai 35 kusan 14, mai 40 kusan 16. Shawa ɗaya mai daɗi tana cin lita 8 zuwa 12 a minti, irin mai faffaɗan kai ɗin nan da ake yayi kuwa ta fi haka. Ke nan shawa biyu masu cin lita goma-goma lita 20 suke nema, wato kusan kilowat 49 a tsakiyar hunturu. Tamu ba ta kusa ba.

Na ce a tsakiyar hunturu don yanayi na da nasa hannun. A watan Yuli ruwan da ke shigowa daga titi yakan kai digiri 15 ko fiye, boila ba ta da aiki mai yawa kafin ta kai shi 40, mutum biyu za su iya wanka ba rigima sosai. A Janairu kuwa yana shigowa a wajen digiri 5. Saboda haka duk wanda aka haɗa masa kombi da bazara ya ce ta yi, ya dakata tukuna sai sanyi ya shigo.

Maigida da ya ji haka sai ya ce to a canja ta da babba mana, mai kilowat 42 ko sama. Injiniyan bai ce komai ba, ya nemi bokiti. Ya sa shi a ƙarƙashin famfon sanyi na kicin, wanda shi ne mafi kusa da inda ruwa ke shigowa gida, ya buɗe har ƙarshe, ya duba agogo. Bokiti mai lita 10 ya cika a daƙiƙa 45, wato lita 13 da ɗan ɗoriya a minti. Ya ce mu sake gwadawa gobe da safe lokacin da duk unguwa ta tashi. Muka gwada, sai da ya kusa cinye minti guda. Ashe duk ruwan da ke shigo mana, na zafi da na sanyi a haɗe, bai ma kai abin da boilar da muke da ita za ta iya dafawa ba. Da mun sayi babbar, da kuɗi kawai muka zubar, don boila ba ta ƙirƙirar ruwa, wanda aka ba ta take dafawa. Kuma ba mu da bakin kai ƙarar kowa, domin ma'aunin da hukumar Ofwat ke duba kamfanonin ruwa da shi lita 9 ne kacal a minti.

Wannan gwajin bokitin shi ne abin da nake gaya wa duk wadda ta kira ni tana tambaya. Ba ya cin ko kwabo. Wanda ya zo ba ku farashin kombi bai auna ruwan gidanku ba, bai tambayi mutum nawa ke wanka da safe ba, ku sallame shi da fara'a ku nemi wani. Ku kuma nemi ganin katinsa na Gas Safe, wanda tun 2009 doka ta ce sai mai shi zai taɓa kayan gas, a juya bayan katin a ga ko boila na cikin ayyukan da aka yarje masa.

Akwai wata matsala da babu takardar talla da za ta faɗa muku, don masu rubuta ta ba sa alwala sau biyar a rana. Kombi ba ta kamawa sai ruwan da ke bi ta cikinta ya kai wani adadi, wajen lita biyu zuwa uku a minti. Mu kuma an hore mu da tsimin ruwa wajen alwala, famfo kaɗan ake buɗewa. In ka buɗe kaɗan ba za ta kama ba, da ruwan ƙanƙara za ka yi. In ka buɗe da yawa ta kama, sai ruwan sanyin da ke kwance a bututu ya gama fita kafin mai ɗumi ya iso, a banɗakin sama kuwa tafiyar da nisa. Kafin ya zo ka wanke hannu, ka kurkure baki, ka shaƙa, ka kai fuska. Daidai lokacin wanke ƙafa yake isowa, shi ma da zafi zau. Hajiya ta kalli wannan abu kwana biyu ta ce da ni, "'Yar nan, wannan almubazzaranci ne, a tara mini a buta." Tun daga nan da asuba nake cika mata buta da ruwan ɗumi a kicin, inda boilar take kusa. Akwai maɓallin da ke sa injin ya riƙa ajiye ɗan ruwan cikinsa da ɗumi kullum, yana rage jiran, amma za ka riƙa jin ta tana kamawa tana mutuwa cikin dare ba wanda ya taɓa famfo, gas kuma na tafiya.

Haka nan mai kashe shawa ya saɓa sabulu ya sake kunnawa, zai sha mamaki: ɗumi, sai sanyi na 'yan daƙiƙu, sannan zafi. Abin dariya shi ne duk gidan Hajiya ce kaɗai ba ta taɓa kuka da wanka ba, don ita ba ta yarda da shawa ba. Bokitinta take tarawa, ta sirka yadda take so, ta zauna a kujerarta. Ko duk famfunan gidan za a buɗe, ruwanta na gabanta. Ga mai wankan bokiti kombi ba ta da aibu ko kaɗan, cikin minti biyu ya cika. Baho kuwa, mai cin lita 80 ko fiye, sai ka ba shi minti bakwai zuwa takwas, da sharaɗin kowa ya kame hannunsa.

Wani abin da bai zo mini a rai ba sai da na ji a jikina: kombi ba ta aiki biyu a lokaci guda. Da an buɗe famfon zafi take sakin radiyetoci ta koma kan ruwan wanka. A gidan mutum biyu wannan minti goma ne, ba wanda zai lura. A gidan da mutum shida ke wanka a jere da safiyar Janairu, kusan awa guda ke nan radiyeta ba ta sami wuta ba, daidai lokacin da yara ke fitowa daga wanka suna rawar ɗari suna neman kayan makaranta. Yanzu na saita ɗumama gida ya fara tun kafin asuba don bango ya riƙe zafi.

Sannan ranar da ta tsaya, komai ya tsaya. A sanyin Disambar 2022 siririn bututun roba da ke fitar da ruwan tururinta waje ya daskare, ta kashe kanta. Wannan yana faruwa da kowace boilar zamani, ba kombi kaɗai ba, maganinsa kuma a zuba wa bututun ruwan ɗumi daga waje. Bambancin shi ne mai tanki yana da hitar lantarki a cikin tankin, ya kunna ya ci gaba da wanka kafin mai gyara ya zo. Mu ranar da tukunya muka dafa ruwa a kan murhu.

Ruwan Manchesta daga tafkunan arewa yake zuwa, ba shi da alli, don haka wannan bai dame mu ba. Amma ƙawata da ke Landan, inda farin alli ke daskarewa a gindin butar shayi cikin 'yan makonni, tata kombin ta fara wasa da zafi, da aka buɗe aka tarar allin ya toshe siraran hanyoyin da ruwa ke bi. Masu zama kudu maso gabas su sa na'urar rage alli tun ranar haɗawa.

Abin da muka yi dai gyare-gyare ne. Bututun da ke kawo mana ruwa daga titi tsohon na darma ne, irin wanda aka hana sawa tun 1970, siriri, kuma ashe da maƙwabta muke raba shi. Daga bakin shinge zuwa cikin gida nauyin mai gida ne, don haka muka biya aka haƙa aka sa shuɗin bututun roba mai faɗin milimita 25, namu mu kaɗai. Bokitin da ke cika a daƙiƙa 45 ya koma cika a 30. Wannan ya kashe rigimar famfon sanyi da injin wanki, ga kuma kwanciyar hankalin yara sun daina shan ruwan darma. A banɗakin sama muka sa shawar lantarki mai dafa ruwanta da kanta, ba ruwanta da boila. Ba ta da ƙarfi, da sanyi lita huɗu zuwa biyar take bayarwa a minti, kuma lantarki ya fi gas tsada nesa ba kusa ba, 'yan matan gidan ba sa son ta wajen wanke gashi. Amma mutum biyu na wanka a lokaci guda yanzu, kuma ran da boila ta sake tsayawa akwai inda za a dosa. Shawar tsakiya kuma muka canja mata kai da mai tsimin ruwa, da famfo mai daidaita zafi da kansa don kada yaro ya ƙone in wani ya taɓa ruwa a ƙasa.

Ku lura, kuɗin waɗannan gyare-gyaren da an haɗa su tun farko, da sun kai mu rabin hanyar abin da ya dace da gidan: boila mai aiki da rufaffen tanki, wanda ruwan titi ke shiga kai tsaye da ƙarfinsa. Tanki mai lita 250 ko 300 yana ciyar da shawa biyu har uku a tare, gida kuma ba ya hucewa don ana wanka. Yana da nasa sharuɗɗan. Yana cin wuri, ya fi tsada, sai mai takardar G3, wato shaidar ƙwarewa a kan irin wannan tankin, zai haɗa shi, kuma in an yi masa taron dangi yana ƙarewa a jira ya sake zafi. Shi ma ba ya ƙara ruwan da bai shigo ba, yana son wajen lita 20 a minti daga titi, don haka gwajin bokiti na nan a kansa. Inda ruwan titi ya yi rauni ana iya sa tankin tara matsi, domin doka ba ta yarda a ɗaura famfon tura ruwa mai jan fiye da lita 12 a minti kai tsaye a bututun titi ba sai da izinin kamfanin ruwa.

Akwai kuma 'yar tsakiya, kombi mai ɗan tanki a cikinta, irin Vitodens 111-W ta kamfanin Viessmann mai lita 46, Vaillant da Worcester Bosch ma suna da irin nasu. Tana ba da ruwa da yawa a mintunan farko, in ajiyar ta ƙare ta koma kombi zalla. Ga gidan mutum biyar da shawa biyu ke haɗuwa jefi-jefi, wannan ta isa. Ga namu da ake awa guda ana wanka, ban ga za ta kai ba. Babbar kombi zalla kuma, ban da batun ruwan titi, tana son bututun gas mai faɗin milimita 22 ko fiye tun daga mita, sannan ta yi wa radiyetoci girma, tunda ɗumama gida irin namu bai kai rabin ƙarfinta ba, sai ta riƙa kamawa tana mutuwa a kai a kai.

Ɗalibi, ango da amarya, iyali mai yara biyu ko uku a gida mai banɗakin wanka ɗaya, ku sa kombi hankalinku kwance, ni ma ita zan sa. Har gida mai girma, in masu wankan ba sa haɗuwa, wani na aikin dare wani na safe, za ta yi. Yawan ɗakuna ba shi ne abin dubawa ba, famfo nawa ke buɗe da ƙarfe bakwai na safe da kuma kafin a tafi masallacin Juma'a shi ne.

Mu dai ba za mu cire injin da ke aiki lafiya ba, za mu ci gaba da yi mata sabis har ta gaji. In ta gaji tanki za mu koma. Ko ba don wanka ba ma, tun Oktoban 2023 gwamnati ke ba da tallafin fam 7,500 a Ingila da Wales ga mai son sa injin ɗumama gida mai zuƙo zafi daga iskar waje, shi kuma ba ya yi sai da tankin ruwa. Na riga na gaya wa Maigida kada ya kuskura ya mayar da kabad ɗin nan na hawa na tsakiya wani abu da ba za a iya warwarewa ba, barguna da akwatuna a nema musu wuri a ƙarƙashin gado.